Kaskon Ruwa a Bayan Fijo

Motar Degbe Amusu Fijo ce a-kori-kura, ƙirar 404, mai shingen ƙarfe a baya. Mahaifinsa ne ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa, ya tuƙa ta shekara goma sha ɗaya, da idonsa ya yi rauni ya miƙa wa Degbe makulli. Degbe ya ƙara mata shekara goma sha biyar. Duk tsawon wannan lokaci babban aikinta ɗaya ne: ranar kasuwar Azove, motar ta shiga ƙauyen Zunkpa da safe, matan ƙauyen su loda mata tukwanen da suka gina, ta kai su kasuwa. Sauran ranaku Degbe yakan samu abin da ya samu a tashar Se, yau kujerun biki, gobe kwandunan tumatir, amma tukwanen Zunkpa ne ke riƙe da gidansa.

Daga Zunkpa zuwa kwalta kilomita bakwai ne na jar ƙasa. Idan ruwa ya ɗauke, hanyar takan tashi kunyoyi ƙanana a jere, irin waɗanda ke sa haƙoran mutum su riƙa karo da juna. Daga nan sai kwalta, a bi ta Lokosa da Dogbo.

Lodin yana da tsarinsa. Randuna goma sha biyu a ƙasa, a kife a kan busasshen ganyen ayaba. Tukwanen girki a kansu, a cusa ganye a kowane tsakani. Kasake a can sama, sannan a ja raga a ɗaure. Idan an gama, kayan sun ninka tsayin kan motar. Wanda ya hango su daga nesa zai rantse sun kai tan biyu. A gaskiya ba su fi nauyin buhun siminti tara ba, domin tukunya yawancinta iska ce.

Duk da haka bayan motar a ƙasa yake, da kaya ko babu kaya. Sifirin ɗinta na baya, falle bakwai sirara a kowane gefe, sun gaji tun zamanin mahaifinsa har sun miƙe. A kwana takan jingina gefe guda, ta daɗe kafin ta dawo daidai. Jandarmomi suna tsayar da ita a kowane shinge don sun ɗauka lodi ya yi mata yawa. Direbobin tashar Se kuwa suna kiranta Agwagwa.

Mai yawan kiran sunan shi ne Mesan, wanda ke jigilar siminti da jarkokin fetur, motarsa kuma bayanta a ɗage yake kamar ta tashi tsalle.

"Fofo Degbe, sannu da kiwo," in ji shi wata safiya, yana kiransa Fofo, wato Yaya, Degbe yana cin agidi da soyayyen kifi a rumfar tasha. "Yaushe za ta fara ƙwai? Ka ajiye mini biyu."

"Ka fara biyan kuɗin kajin da ka take a Dogbo," in ji Degbe.

"Ai su suka shigo hanya. Kai kuwa ko kaza ta shigo gabanka sai ta gama ƙetarewa, ta dawo ta ɗauki 'ya'yanta, ba ka iso ba. Ka kai wa Kakpo mai gyaran sifirin ita mana, Fofo. Mutum da girmanka, yana jan ɗuwawu a titi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Shekara da shekaru yana jin wannan, bai taɓa motsa shi ba.

Abin da ya motsa shi ya faru ne a wata kwana kafin Dogbo, yana dawowa da 'yan tukwanen da ba a sayar ba. Wani mai babur ya fito daga lungu, Degbe ya kauce, motar ta kwanta hagu, ya ji tayar dama ta baya ta bar ƙasa. Ta dawo da kanta. Babu abin da ya fashe, ba wanda ya ji rauni. Ya sauka gefen titi, ya kashe inji, ya zauna wajen minti biyar hannunsa a kan sitiyari. Washegari ya kama hanyar Kome.

Garejin Kakpo a Kome fili ne a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro biyu. Aikinsa sifirin ne kawai, kuma duk motar da ke ɗaukar kaya tsakanin Kome da Azove ta taɓa kwanciya a gabansa, ban da wannan.

"Yau Agwagwa ce da kanta?" in ji Kakpo, yana goge hannu a wando. "Shekara nawa ina ganinki kina wucewa, kina yi mini yanga."

"Tana kwanciya a kwana," in ji Degbe. "Jiya saura kaɗan."

Kakpo ya durƙusa ya leƙa. Ya sa yatsa ya shafi falle ɗaya, ya ja tsaki.

"Wannan ba sifirin ba ne, tabarma ce. Ai na san kayan da kake ɗora mata, ina gani, har sama. Bar ta nan, ka dawo jibi."

Bai tambayi nauyin kayan ba. Ba ya tambayar kowa, domin duk wanda ya zo wurinsa abu ɗaya yake so: mota ta ɗauki fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma kada a gani. Degbe ma bai faɗa ba. Bai zo masa a rai cewa akwai abin faɗa ba.

Da ya dawo bayan kwana biyu ya tarar da motar ta ƙara tsayi da kusan taƙi guda. Kakpo ya cire tsofaffin fallayen gaba ɗaya, ya sa tara-tara masu kauri daga wata ƙaramar babbar mota da aka yanka, ya sauya shokozoba, ya shafa wa komai baƙin fenti. Aka yi gwajin da ake yi wa kowace mota a garejin: ƙarti uku suka hau bayanta suka yi tsalle tare. Ba ta nutse ko faɗin yatsa biyu ba.

"Ka gani?" in ji Kakpo. "Yanzu ko giwa ka samu, ka ce ta hau."

A hanyar komawa Degbe ya shiga kwanar farko da gudun da bai taɓa shigarta da shi ba. Motar ta bi sitiyari kamar an ɗora ta a kan layin dogo. A shingen jandarmomi aka ɗaga masa hannu ya wuce. A tasha Mesan ya zagaya ta sau biyu, ya cire hula.

"Agwagwa ta zama raƙumi. Fofo, yau ni zan saya maka kifi."

Ranar kasuwa ya shiga Zunkpa kamar kullum. Matan suka yi lodi. Wata ta ce yau motar ta yi mata tsawo, wata ta ce ke ce kike gajarta, aka wuce wurin. Shugabarsu, Dada Ablawa, ta shiga gaba ta zauna kusa da shi, kamar yadda takan zauna kusa da mahaifinsa a da. Shekarunta sun haura saba'in. Ita ke tsara ranar gasa tukwane, ita ke raba wuri a cikin mota, ita ke magana da duk wani na waje a madadin mata ashirin da uku. Sauran da za su kasuwa suka bi su a kan babura.

Ba su yi kilomita ɗaya ba ta dafe ƙofa.

"Me ya samu motar nan yau?"

"Hanya ce, Dada. Ta ƙara lalacewa."

"Hanyar da na bi da ƙafa shekaranjiya?"

"Da ƙafa ba a ji."

A baya kayan suna wani ƙara siriri, ci-ci-ci, wanda shi ma bai saba ji ba. Ya rage gudu, ƙarar ba ta daina ba. Da suka hau kwalta ta lafa, sai ya saki ransa.

A Azove ba a sauke tukunya a ajiye haka kawai. Kowace sai mai ita ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Lafiyayya takan amsa garau, ƙarar ta ɗan daɗe. Mai tsagu takan amsa a dushe, ko da ido bai ga komai ba. A shekara goma sha biyar Degbe ya saba jin dusasshiyar amsa sau ɗaya ko biyu a lodi guda, wani lokaci babu ko ɗaya. Ran nan aka ware tukwane ashirin da uku cikin casa'in, da randuna biyar cikin goma sha biyu. Randa ɗaya aikin kwana tara ce, daga haƙo yumɓu zuwa fitowa daga wuta.

Matan suka tsaya kewaye da abin da aka ware. Wata mai suna Hwefa, wadda uku daga cikin randunan nata ne, ta zauna a kan ɗaya daga cikinsu ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa.

"Ko wuta ce ba ta ci su sosai ba wannan karon?" in ji Degbe. "Itacen ya sha ruwa, na gani."

Duk suka juyo suka dube shi.

"Ni na tsaya a kan wutar nan," in ji Dada Ablawa.

Ta zagaya bayan motar, ta dafa shinge, ta durƙusa a hankali. Ta daɗe tana kallon baƙin fentin. Ta miƙa yatsa ta ƙirga fallayen, leɓenta yana motsi. Sannan ta miƙe.

"Ɗana, wannan motar wa ce?"

"Tawa ce, Dada. Gyara kawai na yi mata. Ta kusa kifar da ni a Dogbo."

"Da ka faɗa mini haka da safe, da na ce a sauke randuna. Ka ce hanya ce. Yanzu ka ce wuta ce." Ta kakkaɓe gwiwarta. "Motar ubanka na sani. Wannan baƙuwa ce, baƙuwar mota kuma sai ta ɗauki kasko."

Degbe ya san kaskon, ko da yake bai taɓa ganin an fito da shi ba. Matan Zunkpa ba sa ba wa mota tukwanensu sai sun gwada ta. Akwai wani kasko mai faɗi a ɗakin Dada Ablawa, a cikinsa an ja layi tun yana ɗanye, yatsa uku ƙasa da baki. Akan cika shi da ruwa fal, a ɗora a kan gammo a tsakiyar bayan mota, daidai saman tayoyi, a tuƙa daga ƙauye zuwa kwalta. Idan an isa ruwan bai sauka ƙasa da layin ba, motar ta ci. Rabon da a yi wannan shekara ashirin da shida ke nan, ranar da mahaifinsa ya fara kawo Fijo.

"Nan da kwana uku," in ji ta. "Zan kuma aika wa Anani ya kawo tasa."

Anani yana da wata tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, mai laushin baya kamar katifa. Ya daɗe yana gaishe da Dada Ablawa fiye da yadda gaisuwa take buƙata.

Washegari da safe Degbe yana Kome.

"Ka mayar mini da nawa," ya ce wa Kakpo.

"Naka wane?"

"Tsofaffin. Tabarmar."

Kakpo ya dube shi kamar wanda aka ce ya dawo da ruwan wankan jiya.

"Fofo, ka taɓa ganin tsohon sifirin ya kwana biyu a gareji? Maƙeri ya kwashe tun ranar. Me ya faru? Ta karye?"

Degbe ya gaya masa. Kakpo ya saurara, ya tambayi nauyin randa ɗaya, ya tambayi yawansu, ya yi lissafi a ƙasa da tsinke. Ya ajiye tsinken.

"Duk wannan tulin, buhu tara?"

"Ko ƙasa da haka."

"Ni kuwa na ɗaura mata na buhu arba'in. Me ya hana ka faɗa?"

"Me ya hana ka tambaya?"

"Wa ke zuwa nan da kaya marasa nauyi? Kai ne na farko, kuma ina fata kai ne na ƙarshe."

Maƙerar tana bayan kasuwar kifi. Maƙerin ya gane fallayen da ake nufi nan take, ya ma yabe su. Ya ce ƙarfen da ya yi shekara talatin yana lanƙwasa a ƙarƙashin mota ya fi kowane daɗin aiki. Ya nuna bango. Adduna shida ne a rataye, ba a sa musu ƙota ba tukuna, da ruwan fartanya huɗu a ƙasa. Falle biyu ne kawai suka rage cikin goma sha huɗu, su ma an datse su.

"In kana son adda, zan rage maka," in ji maƙerin. "Ai kusan taka ce."

Degbe bai saya ba.

Ya yini yana neman irin nasa a wuraren masu yanka motoci, daga Kome har Lokosa. Inda aka samu 404, an riga an ƙara mata falle tun da daɗewa. Babu wanda ya ajiye sifirin mai laushi, domin babu wanda ya taɓa zuwa nemansa. Wani ya ce ya gwada Kwatano, wani ya ce ko a can sai an dace.

Kwana na biyu Kakpo ya ɗaga motar a jak ya zare falle uku-uku. Ya ce ba zai wuce haka ba, in ya ƙara zarewa uwar fallen za ta karye a rami na farko. Suka rage iskar tayoyin baya. Degbe ya sayi kasko a kasuwa, ya cika da ruwa, suka bi wata jar hanya a bayan gari. Kafin kilomita biyu rabin ruwan yana kan dandamalin motar.

Kakpo ya tsaya yana kallon ruwan yana ɗiga ta ƙasa.

"Kaurinsu ne," ya ce. "Ko uku na bari, na babbar mota ne. Irin wannan ƙarfe ba ya laushi sai ya ji kaya. Ka ba shi abin da yake so."

"Wane kaya? Tukwanen ke nan."

"To ka ƙara masa da wani abu. Yashi ba ya tsagewa."

Suka je bakin rafi suka cika buhu takwas da yashi, suka jera su a dandamali, huɗu a kowane gefe, saman tayoyi. Bayan motar ya sauka. Suka sake bin hanyar. Ruwan ya yi ta rawa a cikin kaskon, ya ɗan fantsala a manyan ramuka, amma yawancinsa ya zauna.

"Ka biya ni na ɗaga ta, ka biya ni na sauke ta," in ji Kakpo. "Da duk masu mota irinka ne, da na yi bene."

Ranar gwaji Degbe ya isa Zunkpa da hantsi. Bas ɗin Anani tana can a gindin bishiyar da ake tara itacen gashi, an wanke ta har tayoyi. Matan sun bar aikinsu sun fito, wasu da yumɓu a hannu. Dada Ablawa ta sa aka fito da kaskon. Ya yi baƙi don tsufa, amma layin yana nan.

Aka fara da Anani. Suka tafi, suka dawo bayan kusan minti arba'in. Dada Ablawa ta sauko ta ce ruwan ya tsaya yatsa ɗaya sama da layi. Anani ya ce ai ma bai saba da hanyar ba tukuna.

Ta zo bayan Fijo, ta ga buhunan.

"Wannan fa?"

"Yashi ne, Dada."

"Gini za ka yi?"

Ya yi mata bayani yadda Kakpo ya yi masa, bai rage komai ba: fallaye tara, maƙeri, adduna shida, zare uku-uku, ruwan da ya zube a bayan Kome. Ta saurara har ya gama.

"Hwefa, cika kaskon," ta ce.

Ta shiga gaba ta zauna. Da ya tayar da mota ta ce, "Kada ka yi mini tafiyar kai amarya. Yadda kake tafiya ranar kasuwa."

Ya yi yadda yake yi ranar kasuwa. A bakin kwalta ya tsaya, suka sauka tare. Ta sa yatsa a cikin kaskon. Ruwan yana sama da layi, da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba.

"Ta ci," in ji Degbe.

"Sauke buhunan."

"Dada, ai da su za ta riƙa tafiya."

"Na ji. Sauke su."

Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya a gefen hanya. Ta karɓi ruwa a wurin wata mai sayar da abinci a mahaɗar, ta sake cika kaskon fal da hannunta. Suka juya zuwa ƙauye. Tun kafin rabin hanya ba sai an tsaya an duba ba, ana jin ruwan yana dukan bayan kujera. Da suka isa, matan suka leƙa. Abin da ya rage a kaskon bai fi a wanke hannu ba.

Dada Ablawa ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a inuwa. Degbe ya tsaya a gabanta, Anani a gefe yana wasa da makullinsa.

"Motoci biyu na gwada maka yau," ta ce. "Ɗaya ta ci, ɗaya ta faɗi. Wacce za ta zo ranar kasuwa?"

"Mai yashi."

"Ran da fetur ya yi tsada fa? Buhu takwas suna shan mai. Ran da ka makara, ko bayanka yana ciwo, ko abokanka na tasha suka yi maka dariya? Za ka zo da shida, ka ce takwas ne. In tukunya ta tsage ka ce wuta ce."

"Ba zan sake ba, Dada."

"Ubanka ko taya zai sauya sai ya gaya mini. Ba don na san taya ba."

Hwefa ta ce daga baya, "A ba Anani kawai, Dada. Tasa ba ta buƙatar a yi mata ciko."

Wata ta ce bas ɗin Anani ba ta da tsayin da za ta ɗauki lodi duka, sai an yi sawu biyu. Wata ta ce birkinta fa, kowa ya san da dutse ake tsayar da ita. Anani ya ce wannan tsohon zance ne, an gyara. Aka yi ta magana. Dada Ablawa ta bar su suka gaji, sannan ta ɗaga hannu.

Hukuncin da ta yanke kashi uku ne. Buhunan yashi za su zauna a gidanta, ba a gidan Degbe ba. Ranar kasuwa matan ne za su ɗora su da hannunsu, su sauke su da yamma, kuma ba za a ɗora tukunya ko ɗaya ba sai ta ƙirga takwas. Na biyu, duk ranar da aka taɓa wani abu a ƙarƙashin motar, kasko zai sake fitowa. Na uku, randuna. Wurin da suke zama a dandamali yanzu yashi ya cinye rabinsa, ba kuma za a ɗora randa a kan buhu ba. Shida za su bi Fijo, shida su bi Anani.

"Har yaushe?" in ji Degbe.

"Har ran da ka samo irin na ubanka."

"Babu su, Dada. Na nema."

"To ka ji amsarka."

Anani ya ce shi randa shida ba za su biya masa mai zuwa Azove ba. Dada Ablawa ta ce zai iya cika sauran wurin da matan da ke hawa babura, in ya mayar da kujeru biyu. Ya yi ɗan tunani ya ce zai mayar.

Degbe ya koma bakin kwalta shi kaɗai ya kwaso buhunan, ya kai su gidanta. Ta nuna masa inda zai jera su, a ƙarƙashin rumfar da ake shanya ɗanyun tukwane, inda ruwa ba ya taɓawa. Kafin ya tafi ya tsaya a gaban Hwefa ya ce wutarsu ba ta da laifi. Ta ce ta sani, ta ci gaba da murza yumɓunta.

Ranar kasuwa ta gaba aka ɗora buhu takwas, Dada Ablawa tana ƙirgawa da baki, sannan randuna shida, sannan sauran. Lodin bai kai tsayin da ya saba ba. A Azove aka ƙwanƙwasa komai. Tukunya biyu aka ware daga Fijo, kasko ɗaya daga bas ɗin Anani. A kwanar Dogbo motar ba ta kwanta ba, da zuwa da dawowa. Jandarmomi sun tsayar da shi sau ɗaya, suka soka ƙarfe a buhu biyu don su ga abin da ke ciki, suka tambaye shi wa ke sayen yashi a Azove.

Da safiyar ranar, lokacin da ya ratsa ta gaban tashar Se, Mesan yana tsaye a bakin rumfa da kofin shayi. Ya bi bayan motar da kallo, ya ga ya sake sauka kusa da inda yake a da.

"Fofo Degbe," ya kira, "raƙumin ya mutu ne?"

Degbe ya ɗaga masa hannu ta taga bai tsaya ba. Dada Ablawa, a kujerarta, ta tambayi wane ne wannan. Ya ce wani mai ɗaukar siminti ne.